Tudun wa za a hau? Ƙasa, gida da tsira a ƙauyukan tsibiran Fiji

A watan Janairun 2014 mutanen Vunidogoloa suka ɗaure kayansu suka bar garin da kakanninsu suka kafa a bakin gaɓar Natewa, cikin tsibirin Vanua Levu na ƙasar Fiji. Ba su kai mutum 200 ba. Shekara da shekaru teku yana cin gaɓarsu kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da ya yi tumbatsa ya haɗu da ruwan sama, sai kogin da ke gefen garin ya kasa zubewa, ruwa ya malale tsakar gida, ya shiga ƙarƙashin ɗakuna. Gishiri ya lalata shuke-shuken bayan gida. Sun gina katangar tare ruwa, ruwa ya ci ta. Tun 2006 suka kai kuka ga gwamnati, amma sai da aka share shekara takwas kafin su tare a sabon mazauni, kimanin kilomita biyu daga gaɓa, a kan tudu. Gidaje 30 aka gina, da katakon da suka yanko daga dajinsu. Da yake Kiristoci ne, sai suka raɗa wa wurin suna Kenani, wato Kan'ana, ƙasar alkawari.

An sha ba da wannan labari a tarukan sauyin yanayi, musamman bayan da Fiji ta shugabanci babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 a birnin Bon na Jamus. Akan nuna shi a matsayin shaida cewa ana iya ɗauke gari guda a tsirar da shi. Gaskiya ne, an iya. Sai dai akwai wani abu da masu ba da labarin kan ambata a gurguje su wuce, alhali a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin gaba ɗaya: tudun da mutanen Vunidogoloa suka hau nasu ne. Ba su roƙi kowa ba, ba su saya ba, ba su karɓi haya ba. Cikin ƙasar zuriyarsu suka matsa. Ƙauyukan da ba su yi wannan dace ba, su ne har yau ke zaune ruwa na lasar ƙofarsu.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda ƙasa take a Fiji. Tsibirai ne sama da 300 a Tekun Fasifik, mutane na zaune a kan kimanin kashi ɗaya cikin uku nasu, kuma ƙidayar 2017 ta nuna jama'ar ƙasar ba ta cika dubu 900 ba. A 1874 sarakunan Fiji suka miƙa mulki ga Birtaniya. Gwamnan da aka turo ya kafa tsarin mulkin, Sir Arthur Gordon, ya hana sayar da ƙasar 'yan asali ga baƙi, ya kuma hana a kwashe su zuwa aikin gonakin Turawa. Maimakon haka aka riƙa shigo da 'yan ƙwadago daga Indiya, daga 1879 zuwa 1916, don noman rake. Jikokinsu na nan, 'yan ƙasa ne, amma galibinsu a kan ƙasar haya suke noma. Sakamakon wancan hani shi ne, yau kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Fiji na hannun 'yan asali, waɗanda ake kira iTaukei, kuma doka ba ta yarda a sayar da ita ba.

Ba mutum ɗaya ke da ita ba. Mallakar dangi ce, abin da suke kira matangali (a rubutunsu, mataqali). Akwai kundin da gwamnati ke riƙe da shi, Vola ni Kawa Bula, inda ake rubuta sunan kowane ɗa a ƙarƙashin danginsa, kuma wannan rubutu shi ne hujjar cewa kana da haƙƙi a ƙasar. Idan baƙo na son wuri, ko otal ne ko gonar rake, sai dai haya, ta hannun hukumar amintattu da aka kafa a 1940 bisa ƙoƙarin wani babban basaraken Fiji, Ratu Sukuna, wadda yanzu ake kira TLTB. Bahaushen da ya san gandu zai ɗan fahimci abin, sai dai a gandun namu akan raba gado, kowa ya san kasonsa, mai so ya sayar. A can babu rabo. Kana noma iyakar abin da dangi suka san naka ne, kana gina ɗaki inda aka nuna maka, amma ƙasar tana nan ta waɗanda suka mutu da waɗanda ba a haifa ba.

Ni dai ina ganin wannan tsari ya yi wa mutanen Fiji babbar rana. Duk wanda ya dubi yadda 'yan asalin Hawai ko na Ostireliya suka wayi gari baƙi a ƙasarsu zai yarda. Ɗan ƙauyen Fiji na iya rasa kuɗi a aljihu wata da watanni, amma yana da inda zai shuka rogo da gwaza, yana da kwakwa, yana da yankin kamun kifi na gargajiya da suke kira qoliqoli. Babu mai bin bashi da zai zo ya raba shi da gonarsa. Talaucinsa ba irin na mai zaman haya a birni ba ne.

Amma garkuwar nan tana da nauyi, kuma nauyinta na bayyana ne ranar da guguwa ta zo.

Ranar 20 ga Fabrairun 2016 mahaukaciyar guguwar Winston ta afka wa Fiji. Ba a taɓa rubuta wadda ta sauka kan tudu da ƙarfinta ba a duk rabin duniya na kudu. Mutum 44 suka rasu. Gidaje sama da dubu 30 suka rushe ko suka lalace, tare da ɗaruruwan makarantu, kuma an ƙiyasta asarar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A tsibirin Koro akwai ƙauyukan da kusan babu ginin da ya tsaya. Iska ta yaye rufi, sannan teku ya hauro ya share abin da ya rage. Layukan waya suka katse, aka kwana biyu zuwa uku hukuma a Suva, babban birnin ƙasar, ba ta san halin da wasu tsibiran ke ciki ba, sai da jiragen sama suka yi shawagi suka ɗauko hotuna.

To, mutumin da gidansa ya tafi a wannan dare, da me zai sake gini? A nan ne matsalar ta fito fili. Banki ba ya karɓar gidan ƙauye jingina, domin ƙasar da gidan ke kai ba ta sayuwa, in aka kasa biya babu abin da bankin zai kama. Kamfanin inshora kuma, kafin ya ɗauki nauyin ɓarnar guguwa, yakan nemi takardar injiniya mai tabbatar da cewa ginin ya cika ƙa'ida. Wane injiniya ne zai hau jirgin ruwa na kwana guda don ya duba ɗakin katako da kwano a tsibirin da ke can ƙurya, kuma wa zai biya shi? Shi ya sa mafi yawan gidajen ƙauye ba su da inshora ko ta sisi. Bayan Winston gwamnati ta raba katin sayen kayan gini, ta kuma bar ma'aikata su ciri wani abu daga asusun fanshonsu. Hakan ya taimaka, amma kayan gini sun yi ƙaranci, kuma kai buhun siminti tsibiri mai nisa kan ci kuɗin da ya kusa na simintin kansa. Wanda ya ci daga fanshonsa kuwa ya gyara yau ne da abincin tsufansa.

Abin da ya fi riƙe mutane shi ne junansu. Suna da solesolevaki, wanda ba shi da maraba da gayyarmu: yau a taru a ɗaga ɗakin wane, gobe a koma na wane. Suna da kerekere, al'adar da ta ba ka damar neman abu wurin ɗan'uwa kuma kunya ta hana shi ƙi. Ga 'ya'yan da ke aikin soja a Birtaniya, ko wasan zari-ruga a Faransa, ko tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya da Niyu Zilan, suna aiko da kuɗi ta waya. Wannan ita ce inshorar ƙauye ta gaskiya. Rauninta ɗaya ne, kuma babba ne. Gayya na aiki idan gida ɗaya ya ƙone. Idan gari duka ya kwanta dare ɗaya, wanda za ka roƙa shi ma yana tsaye a kan kufan nasa gidan. Daga 2021 an fara gwada wata ƙaramar inshora wadda ba ta jiran a zo a duba ɓarna: da zarar ma'aunin yanayi ya nuna iska ta kai wani mataki a yankinka, sai kuɗi su shigo wayarka. Dabara ce mai kyau ga wurin da mai duba ɓarna ba zai kai ba, amma kuɗin na sayen abinci da iri ne, ba su gina gida.

Akwai wani abin da ya kamata a faɗa game da ginin kansa. Ɗakin gargajiya na Fiji, bure, na itace ne da ciyawa, an ɗaure shi da igiyar ɓawon kwakwa, rufinsa mai tsayi da gangara. Yakan yi lilo da iska maimakon ya yi taurin kai, in ma ya faɗi ba kasafai yake kisa ba, kuma kayan gyaransa na daji. Kwano ya zo ya kore shi saboda sauƙi da kuma tara ruwan sha. Kwanon da ba a ɗaure shi da kyau ba kuwa, cikin iska mai gudun sama da kilomita 200 a awa, wuƙa ce mai tashi sama. Ba ina cewa a koma ciyawa ba ne, domin masu iya ginin sun ragu, ciyawar ma ta ragu. Abin da ya bayyana bayan Winston shi ne, 'yan ƙarafan ɗaure rufi da jikin gini, masu arha, su ne sukan raba gidan da ya tsaya da wanda ya tafi.

Guguwa dai takan zo tsakanin Nuwamba da Afrilu ta wuce. Mai unguwa, wanda suke kira turaga ni koro, ya busa ƙahon katantanwar teku ko a buga gangar itace, jama'a su taru a coci ko makaranta har gari ya waye. Bayanta sai a yi fama da zazzaɓin taifod da dengi da ciwon da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin dabbobi ya gurɓata, a wurin da ƙaramin asibiti ke da ma'aikaciyar jinya ɗaya, babban asibiti kuma sai an tsallaka teku a kwalekwale mai inji. Duk wannan mutane sun san shi, sun gaje shi. Wanda ba su gada ba shi ne ruwan da ba ya komawa. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya ɗaga da kimanin santimita 20 a duniya, kuma saurin ɗagawar na ƙaruwa. Santimita 20 tsawon tafin hannu ne da 'yan yatsu. Amma ga garin da ke zaune daf da ruwa, a kan rairayi, wannan ɗan tsawo shi ne ke mayar da ambaliyar shekara goma ta zama ta kowane wata, ya sa gishiri a rijiya, ya tone kaburbura.

Wani zai ce, to me ya zaunar da su a bakin ruwa tun farko? Da yawa daga cikin kakanninsu a kan tuddai suke, cikin garuruwa masu ganuwa, saboda yaƙe-yaƙe. Zuwan mishan da mulkin mallaka ne ya sauko da mutane gaɓa, inda jirgi zai iske su, a yi musu coci da makaranta, a kuma ƙidaya su. Sannan aka zo aka shata iyakokin ƙasar kowane dangi aka rubuta a littafi. Kafin rubutun, dangi kan tashi su koma wani wuri, su nemi izinin masu wurin da kyauta da girmamawa, a zauna. Bayan rubutun, kowa ya daskare inda alƙalami ya same shi. Dokar da ta hana baƙo ƙwace ƙasa ita ce kuma ta sa matsawar kilomita ɗaya ta zama sha'anin takardu da sa hannu.

Gwamnatin Fiji ta lissafa ƙauyuka 42 da ke buƙatar tashi cikin gaggawa, bayan ɗaruruwan da ke cikin haɗari. Ta fitar da ƙa'idojin sauya mazauni a 2018, ta buɗe asusu na musamman a 2019, ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021. Ƙasashe kaɗan ne suka yi irin wannan shiri, kuma ya cancanci yabo. Duk da haka waɗanda aka tayar zuwa yanzu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kowanne da irin cikas ɗinsa.

A Narikoso, cikin ƙaramin tsibirin Ono da ke yankin Kadavu, an fara da yanke tudun bayan gari don a samu fili. Ƙasar da aka tone ta zaftare, laka ta gangara ta lalata itatuwan gaɓa da ke kare garin daga igiyar ruwa, filin da aka samu kuma bai ɗauki kowa da kowa ba. Daga ƙarshe gidaje bakwai kawai aka mayar sama a 2020, sauran suna ƙasa. Gari ɗaya ya rabu biyu, na tudu da na gaɓa, alhali cocinsu ɗaya, sarkinsu ɗaya. A Nabavatu da ke Vanua Levu, ruwan guguwar Ana na Janairun 2021 ya tsattsaga ƙasar da garin ke kai, hukuma ta ce zama ya haramta. Mutanen suka koma tantuna a harabar wani coci da niyyar 'yan watanni, suka shafe fiye da shekara uku a ciki ana neman fili ana auna shi ana jiran kuɗi. An haifi yara a tantunan nan har suka yi wayo. Tukuraki kuwa, a tsaunukan babban tsibirin Viti Levu, zaftarewar ƙasa ce ta binne iyali guda na mutum huɗu a Janairun 2012. Sai a 2017 suka samu sabon gari, a kan ƙasar wani dangi, bayan doguwar tattaunawa, kuma a tsakani har kogon dutse wasunsu suka fake a ciki lokacin guguwa.

Zama a ƙasar wani dangi ba ƙaramin abu ba ne a wurin mutumin Fiji. Kalmarsu ta vanua tana nufin ƙasa, tana nufin mutanen ƙasar, tana nufin al'adarsu da martabarsu, duk a dunƙule. Sukan binne cibiyar jariri su dasa kwakwa a kai. Mu da muke cewa "inda aka binne cibiyata" ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Wanda ya koma ƙasar wasu ya zama baƙo, ko da shekara nawa zai yi: a taro ba shi ke fara magana ba, in zai sari itace sai ya tambaya, kuma alherin da kakan masu ƙasa ya yi, jikansa na iya tayar da maganarsa. Shi ya sa dattawa da yawa ke cewa gara ruwa ya same su a gida. Kuskure ne jami'i ya ɗauki wannan a matsayin taurin kai ko jahilci. Lissafi ne na mutumin da ya san abin da zai rasa. Mutanen Vunidogoloa kansu ba su natsu ba sai da suka kwaso ƙasusuwan iyayensu daga tsohuwar maƙabarta suka sake binne su a tudu.

Mun taɓa ganin irin wannan a gida. Lokacin da aka datse Kwara a Kainji, a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibiran da Gungawa ke zaune a kai a ƙasar Yawuri, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin garuruwan da gwamnati ta zana ta gina. An ba su ɗakuna, amma mai noman albasa a bakin ruwa da kamun kifi ba ɗaki kaɗai ya bari a baya ba.

Haka abin yake a Kenani, sabon garin mutanen Vunidogoloa. An haƙa musu tafkunan kiwon kifi, an kawo irin abarba, an sa sola, kuma yanzu suna bakin titi: mota na kai mara lafiya asibiti, yara na zuwa makaranta ba tare da jiran ruwa ya janye ba. Waɗannan ribobi ne na gaske, kuma mutanen na faɗin haka. Amma gidajen da aka miƙa musu ba su da ɗakin girki, abin da matan garin suka ce da an tambaye su da ba a yi wannan mantuwa ba, sai kowa ya kafa nasa daga baya. Teku ya yi nisa, tsohuwar da ta saba sauka gaɓa ta samo abin miya kafin rana ta ɗaga yanzu sai ta yi tafiya mai gangara da hawa. Titin da ya kawo asibiti kusa shi ya kawo abincin gwangwani da giya. Wannan fa shi ne garin da ya fi kowa sa'a.

Cikin ragowar ƙasar da ba ta dangi ba kuma akwai 'yar kaɗan da Turawa suka mallaka kafin hanin Gordon, wadda ita kaɗai ake saye da sayarwa. A kanta ne Fiji ta daɗe tana karɓar waɗanda nasu tsibiran suka gagara. A 1945 Birtaniya ta kwaso mutanen Banaba, bayan haƙar ma'adinin takin zamani ta cinye tsibirinsu, ta zaunar da su a tsibirin Rabi na Fiji. Suna can har yau, da harshensu, idonsu kuma bai bar kallon Banaba ba. A 2014, shekarar da Vunidogoloa ta tashi, gwamnatin Kiribati, wata ƙasar ƙananan tsibirai a Fasifik, ƙarƙashin Shugaba Anote Tong, ta sayi wani fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 20 a Vanua Levu daga hannun cocin Angilika, saboda tsoron ranar da teku zai fi ƙarfin ƙasarta. Filin nan ba kango ba ne. Akwai ƙauyen jikokin mutanen tsibiran Solomon, waɗanda aka kawo kakanninsu aikin gona a ƙarni na 19. Ba sa cikin kundin 'yan asali, ba su da matangali, zamansu a wurin da izinin coci ne. Su ne suka fi kowa zama a tsakiyar iska, tare da dubban iyalai da ke cikin unguwannin share-ka-zauna a gefen Suva, da yawansu a kan fadamar bakin teku: in ruwa ya tashe su, babu tudun da za su nuna su ce na kakansu ne, kuma jerin ƙauyuka 42 ba da su aka fara rubuta shi ba.